Reshe a Ƙofar Likita

A barandar asibiti wani magidanci ya kasa zama. Rigarsa a birkice take. Yana riƙe da reshen wata shuka cikin hankici, kore mai kaurin yatsa, ba ƙaya, ganyensa ƙanana masu tsoka, farin ruwa kamar madara yana tsatsafowa inda aka karya.

Duk wanda ya gifta sai ya tare shi. "Don Allah, ka san sunanta? 'Yata ce ta tauna, bakinta ya kumbura. Likita yana so ya sani."

Wani dattijo ya ce aguwa ce, wata ta ce sam.

Yana ta juya reshen.

"Ni na dasa ta a ƙofar ɗaki," in ji shi, "don gidan ya yi kyau."