La'asar Ɗin Da Na Yanke A Tsohon Barikin Turawa

Jama'a, abin da zan ba ku ba a bakin wani na ji ba, a kaina ya faru, kuma wallahi da akwai yadda zan yi in ce mafarki ne da tuni na ce na huta. Shekara tara ke nan ko goma, lokacin ina da ɗan shagona a Ƙofar Wambai ina sayar da zare da kayan ɗinki, ina zaune a Gwale da iyalina, gidanmu na gado kuma yana Soron Ɗinki.

Ina da wa, Yaya Kabiru. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya sa ni makaranta, shi ya tsaya mini har na yi aure, kuma har gemuna ya fara fari bai daina kirana Auta ba. Aiki ya kai shi Legas ya daɗe, sai da ya yi ritaya ya dawo mana da hawan jini da wata sabuwar ɗabi'a ta son tarihi. Mutumin da aka yanke wa cibiya a cikin badalar birni, wai shi ne yanzu ɗan yawon buɗe ido, ga malafa, ga kyamara a wuya, duk tsohuwar katangar da ya gani sai ya tsaya ya shafa. Ni kuwa ban da aiki sai tsokanarsa, in ya shigo shago in ce a ba Bature kujera.

Wata Asabar da bazara ya ce lallai sai na raka shi wani tsohon barikin Turawan mulkin mallaka da ke jingine da ganuwa. Ba zan faɗi unguwar ba, don na san halinku, wani sai ya ce bari ya je ya gwada. Da za mu fita matarsa, Anti Rabi, ta biyo mu har zaure ta damƙa mini wata 'yar leda.

Ta ce, "Ga maganinsa na rana, bai sha ba. Ka tabbata ya sha, kuma don Allah kada ka bar shi shi kaɗai ko'ina. Amana na ba ka."

Na yi dariya na ce, "Haba Anti, sai ka ce jariri za a kai riga-kafi." Na cusa ledar a aljihu muka tafi.

Ginin ba wani babba ba ne, amma katangarsa kauri gare ta kamar rumbu, tagoginsa 'yan mitsi-mitsi na leƙa bakin bindiga, ko'ina warin kashin jemage. Mai gadin wani tsohon Bafulatani ne siriri mai tarin makullai, kowa Baba yake ce masa. Ya zaga da mu ofishin Baturen, da inda dakaru ke kwana, da saman bene inda ake hango gari, Yaya sai ɗaukar hoto yake yana tambayoyi kamar mai shirin jarrabawa. Daga ƙarshe ya buɗe wata ƙofar ƙarfe, muka sauka matakala kamar goma sha biyu zuwa wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. Sanyi ƙalau, duhu ƙirin, sai da muka kunna fitilar waya muka ga zobban ƙarfe a jikin bango.

Baba ya ce, "Nan ake ajiye waɗanda suka ƙi aikin tilas. Wanda ya shigo ba ya sanin rana ta fito ko ta faɗi. Kakana ya ce abin da aka fi jin suna tambaya ta ƙasan ƙofa ba abinci ba ne, cewa suke, an kira sallah? Su kuma dakaru an hana su amsawa. Da yawansu a haka suka cika."

Sannan ya ƙara da cewa, "Ku duba, ku ɗauki hotonku. Amma in lokaci ya yi ku fito, ga tabarma can gindin darbejiya. Ba a sallah a nan."

To ni a lokacin ina ɗan ji da kaina, na yi karatun littattafai biyu-uku a zaure, ba na son in ji an faɗi abin da ba a kawo mini dalili ba. Na ce, "Baba, ƙasa duk ta Allah ce. Wane malamin ne ya hana?"

Ya dube ni ya ce, "Malam, ni dai na gaya maka."

Ana haka aka kira shi bakin ƙofa, Yaya ya ce bari ya koma sama ya ƙara ɗaukar ganuwa tun rana ba ta juya ba, ni kuma na ce zan ɗan sha sanyin nan tukuna. Kun ga amanar da aka ba ni, tun ba a je ko'ina ba na sake ta. Ina zaune a matakala sai na jiwo kiran la'asar can nesa. Ina da alwala, waje rana kamar ta dafa mutum, ga kuma maganar tsohon nan tana ci mini rai. Gaskiya taurin kai ne ya sa ni, ba tsoron Allah ba. Na duba alƙibla a waya, na jingine ta a bango tana haska ni, na shimfiɗa mayafin kafaɗata, na tayar.

Kun san yadda muke yi, in ka tarar da mutum yana sallah shi kaɗai sai ka ɗan dafa kafaɗarsa ka tsaya damansa, ya zama limaminka. Ban gama Fatiha ba na ji an dafa ni ta dama, na ji ƙamshin turaren Yaya da 'yar gyaran muryar nan tasa, na san shi ne ya sauko. Raina ya yi daɗi, na ce yau zan nuna wa Baba, na ɗaga murya da kabbarar ruku'u.

Muna ɗagowa aka sake dafa ni, ta hagu. Wannan hannun sanyinsa sai da ya ratsa rigata ya taɓa ƙashi. Na ji Yaya ya ja da baya kamar yadda ake yi in mamu sun zama biyu, na ce a raina ai Baba ne ya sauko. Sai na fara jin jan ƙafa. Ba na mutum ɗaya ba, ba na biyar ba, ana ta shigowa sahu ana gyara tsayuwa, ɗakin da bai fi ya ɗauki mutum goma sha biyar ba ya koma yana amsa numfashi kamar masallacin Juma'a. Wani irin wari ya taso, na jikin da ya daɗe bai ga ruwa ba. Da na yi ruku'un raka'a ta biyu, wallahi tallahi da kunnena na ji ƙarafa sun zuba ƙasa gaba ɗaya, da na ɗago kuma muryoyi busassu suka amsa a bayana, can ƙasa-ƙasa, kamar masu tsoron kada a ji su.

Yadda na yi zaman tahiya da yadda na miƙe, ban sani ba. Abin da na sani shi ne a sujadar raka'a ta uku wani goshi ya sauka a kan diddigena, mai shi yana kuka a hankali, irin kukan wanda ya samu abin da ya daɗe da fid da rai. Nan ƙarfina ya ƙare. Ban ɗago da kabbara ba, ban yi sallama ba, na zabura na haye matakala da rarrafe, ko wayata ban ɗauka ba.

A tsakar gida na yi karo da Baba. Kallo ɗaya ya yi mini ya ce, "Ina ɗan'uwanka?"

Na nuna ƙasa.

"Ka sallame?"

Na girgiza kai.

Ya cafki hannuna da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba. Ya ce, "Koma yanzu. Liman in ya fita, na kusa da shi ake turawa gaba. Koma ka ƙarasa musu tun bai yi kabbara ba."

Na ce a kira mutane. Na ce a kawo fitila. Har cewa na yi, "Baba kai ka shiga mana, kai ka san su."

Ya ce, "Ba ni suka dafa ba."

Ina so ku sani, na ji maganarsa sarai, na kuma gane ta. Ƙofar tana gabana, taku huɗu, mutumin da ya riƙe ni tun ina yaro yana ciki, amma na tsaya ina kallonta. Muna nan tsaye muka jiwo muryar Yaya daga ƙasa, tar da ita, ya ce Allahu Akbar. Baba ya saki hannuna ya zauna a ƙasa daɓas.

Mun ji ya sallame. Na yi ajiyar zuciya na ce shi ke nan, yanzu zai fito. Sai muka ji ya sake tayar da iƙama. Ya yi huɗu ya sallame, ya sake tayarwa, ya yi uku, ya yi biyu, yana ta yi ba hutu muryar tana dusashewa. Sai da rana ta yi ja na samo maza huɗu daga maƙwabta muka sauka tare, ni a ƙarshensu. Mun same shi a tsaye a kan mayafina, daidai inda na tsaya, rigarsa sharkaf da gumi, idonsa a buɗe amma ba mu yake gani ba. Babu kowa a bayansa. Sai dai ƙurar ɗakin, tun daga dugadugansa har bango, sahu-sahu ce ta shaidar gwiwa da goshi. Duk mun gani, muka ɗauko shi.

A asibiti likita ya ce jininsa ne ya hau ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ya tambaya ko ya sha maganinsa a ranar. Na sa hannu a aljihu, ledar tana nan yadda aka ba ni. Anti Rabi ta miƙo hannu ta karɓa, ba ta ce mini komai ba, kuma har yau ba ta ce ba. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Kwanansa goma sha ɗaya a kwance, leɓensa na motsi dare da rana, in ka kara kunne Fatiha ce. Sau ɗaya tak ya dawo hayyacinsa, ina zaune a gefen gadon. Ya juyo ya dube ni, babu faɗa a fuskarsa, ya ce, "Auta, raka'a ɗaya ce fa ta rage maka." Washegari ya rasu.

Na je wurin malamai. Sun ce mamaci ba ya dawowa, wanda ya mutu a tsare ba a binsa sallar da aka hana shi sanin lokacinta, abin da na ji ko aljanu ne ko tsoro. Na yarda da su, ba na jayayya yanzu. Likita ma na yarda da shi. Amma tun daga ranar ban ƙara yarda na yi farilla ni kaɗai ba, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya sai na fita jam'i. Mutanen unguwa suna ta yabona, in liman bai zo ba su ce Malam bismillah, ni kuwa in noƙe in koma sahun baya. Su a ganinsu tawali'u ne.

Shawarata, in kun je irin waɗannan tsofaffin gine-gine ku ji maganar mai makulli, ko bai kawo muku littafi ba. In an ba ku amanar mutum kada ku sake shi. In kuma har kun tsaya a gaba an dafa ku, ko me kuka ji a baya, ku daure ku kai sallama.

Bara zazzaɓi ya kwantar da ni, na kasa fita, dole na yi la'asar a ɗaki, iyalina sun tafi suna, gidan ba kowa. Ina miƙewa raka'a ta huɗu na ji an dafa kafaɗata ta dama, hannu mai ɗumi, ga ƙamshin turaren nan. Hawaye na zuba, amma na ɗaga murya na yi kabbara. Wannan karon na ƙarasa. Na sallame dama, na daɗe a zaune ban waiwaya ba.