Ranar da Lambar Hajiya Ta Faɗi

Kwaciri, shida saura kwata

Ana sallame asuba na fito da babbar riga sai ka ce mai tafiya Makka, alhali Sabon Gari za ni karɓo sakamakon gwajin jinin matata, Hajiya Rabi. Bara aka yi mata aikin ciwon daji, kuma duk wata uku ake auna wani sinadari mai sikari a jikinsa da ciwon ke zubarwa cikin jini. Takardar yau ce za ta nuna ko magani ya ci.

Mai adaidaita ya ce ɗari biyu, na taya ɗari. Ya ce, "Alhaji, da wannan rigar?" Na shiga, na biya ɗari biyun.

Sabon Gari, ƙarfe takwas

Awa ɗaya da rabi na yi a teburin mai shayi kafin a buɗe ɗakin gwajin. Madam Ngozi, mai ba da sakamako, ta miƙo mini takarda ta ce, "Alhaji, zauna in yi maka bayani."

Na ce, "Madam, shekara talatin ina lissafin atamfa a kasuwar Kwari, lamba ba baƙuwata ba ce."

A bakin ƙofa na gwada ta da takardar baya. Innalillahi! Lambar ta faɗi, ko rabi ba ta kai ba. A wurin ɗan kasuwa kuwa, abin da ya faɗi ya ƙare.

Titin Ibrahim Taiwo, goma da rabi

Gida ya gagare ni. Na taka da ƙafa har nan, ina shirya ƙaryar da zan yi mata. Na sayi tuffa da kilishin da ta shekara tana tambaya ina cewa tsada.

Gida, azahar

Na ce, "Injinsu ne ya lalace."

Hajiya ta dubi kilishin, ta dubi idona, ta ce, "Ba ni takardar."

Ta karanta, sai ta fashe da dariya. "Alhaji, wannan ba cinikin atamfa ba ne! Faɗuwarta muke roƙo tun bara."

Nan na zauna daɓas a tsakar gida da babbar rigata, ina kuka, ita tana cin kilishi. Godiya ta tabbata ga Allah. Madam Ngozi kuma, ki yafe mini, in na dawo zan zauna.