Jegona na Fari

Ni 'yar fari ce a gidanmu da ke cikin Yola, don haka mahaifiyata, wadda muke kira Dada, ba ta taɓa ɗaukata a gaban mutane ba. Kunya ce, haka aka saba. A bayan kakata na girma, ban kuma taɓa ganin laifin hakan ba.

Mijina kuwa daga Borno suka gudo yana saurayi, lokacin da 'yan bindiga suka shiga garinsu. A hanya mahaifiyarsa ta gaji, ta miƙa wa wata maƙwabciya ƙanwarsa ta riƙe. Aka watse da gudu. Sai bayan wata biyu suka gano yarinyar a unguwar Yolde Pate, nan Yola, ta rame, ba ta magana.

Da na haifi 'yarmu, na koma gida wankan jego. Shagon mijina na kasuwar Jimeta, amma kullum da azahar sai ya rufe, ya hau keke napep ya zo. Ba ya zama. Yana ta zagaye a zaure har in fito, hannuna babu kowa.

"Ina take?"

"Tana wajen Goggo."

"Wace Goggon? A wane gida?"

Rannan ya kasa daurewa, ya ce, "Wai ke ba kya son yarinyar nan ne?"

Na juya na shige ciki, kwana biyu ban fito masa ba. Bai san ni ma ba na samun sukuni ba. Ina jin kukanta ta bayan katanga, nono na zuba, amma ƙafata ta ƙi tashi saboda Dada na zaune tana tankaɗe.

A rana ta uku na fito na gaya masa haka. Sai ya ce shi ba ya iya cin abinci in bai san hannun da 'yarmu take ciki ba.

Ban cika arba'in ba muka koma gidanmu na unguwar Karewa. Dada ba ta hana ba, ta dai ɗaure mana yaji da kanwa. Washegari na tsaya gaban baho, na tuna ban taɓa yi wa yarinyar wanka da kaina ba. Shi ya riƙe ta, ni na zuba ruwa, muna ta gardama ko ya yi zafi.