Likkafanina Yana Hartum

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda Yake ba bawa masauki, Ya kuma karɓe shi a sa'ar da Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu, wanda ya san ɗacin barin gida, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ni mutumin Wudil ne. Na daɗe a Hartum ina karantar da 'ya'yan wani attajiri Alƙur'ani. A cikin ladan aikin har da ɗaki a bayan gidansa. Tare muke kwana da Isyaku, ɗan kawuna daga Kausani, mai gadin ƙofar gidan. Taubashina ne, saboda haka bakinsa ba ya jin nauyin furfurata.

Ina da likkafani da na wanke da ruwan Zamzam shekarar da na sauke farali. An yanka shi daidai tsawona. A safiyar da abin ya faru, cikin azumi, na fito da shi ya sha iska bayan Asuba. Isyaku ya jingine tsintsiyarsa.

"Malam, kai da ƙunshin nan kamar mai jiran motar Kano a bakin gada. Ara mini in gwada mana."

"Kai da ka yi tsawon giginya? Ai ƙafafunka sai su leƙo."

Da hantsi muka ji ƙara ta farko daga wajen filin jirgi. Ƙasa ta girgiza. Gilasan tagogi suka zube. Jirage suka riƙa wucewa ƙasa-ƙasa, hayaƙi baƙi ya tashi gabas da mu. Kafin Azahar maigida ya loda iyalinsa a mota, ya kulle babban gida, fasfonmu yana ciki. Ya ce mu kula da ƙofa. Ban sake ganinsa ba.

Washegari da rana tsaka motoci masu bindiga a baya suka tsaya. Mayaƙan da suke ciki ba su ƙwanƙwasa ba, makullin ƙofar suka harbe.

"Ku fito! Ku kwanta!"

Isyaku ya buɗe baki zai ce gidan amana ne. Ɗaya ya sa masa gindin bindiga a fuska, haƙoransa na gaba suka zuba a kan siminti. Direban maƙwabcinmu ya ruga. Suka harbe shi a baya, ya faɗi da takalmi ɗaya. Suka watso allunan yara waje, suka shimfiɗa makamansu a ɗakinmu. Na fita da rigar jikina, da rawanina, da ƙunshin likkafani. Wanda ya kwance shi ya ga farin ƙyalle ne, ya jefo mini yana dariya.

Daga ranar ba mu da ɗaki. Mun yi sallama a ƙofofin da muka saba yi wa gaisuwa, ba wanda ya buɗe. Ban ga laifinsu ba. Muka fake a barandar masallacin unguwa, har wani abu ya faɗo ya tsaga hasumiya, ya kashe ladani a kan tabarmarsa. Muka koma rumfar wani shago da aka wawashe. Gawarwaki suna kan titi, karnuka suna zagaya su. Famfo ya ƙafe.

Ranarmu ta ƙarshe a rumfar, gab da La'asar, Isyaku ya tsinci jarka. Ya ce da bakinsa mai kumburi, "Malam, ɗan Wudil ba ya mutuwa da ƙishi ga kogi yana kallo." Ya tsallaka titi. Harbi ɗaya na ji, daga saman wani bene. Jarkar ta gangara. Na ja shi da ƙafa zuwa rumfa, harsashi yana tone ƙasa a gefena. A wuya ya same shi. Na danne wurin da tafina, jini yana fita ta tsakanin yatsuna. Na laƙƙana masa kalmar shahada. Leɓensa ya motsa, sannan ya daina.

Babu ruwan wanka, sai na yi masa taimama da ƙasar wurin. Babu hanyar maƙabarta. Wasu dattawa biyu da suke ɓoye a shagon gaba suka taya ni haƙa a bayan katanga, da guntun ƙarfe. Na kwance ƙunshina, na naɗe shi. Ƙafafunsa suka leƙo. Na cire rawanina na rufe su. Muka yi masa salla mu uku, harbi bai tsaya ba. Kafin Magariba mun mayar da ƙasa.

Wata babbar mota ce ta kwashe mu zuwa iyaka. A can ma a fili muka zauna, har Allah Ya kawo hanyar gida.

Da na isa Kausani, matarsa Hajara ba ta tambayi yadda ya mutu ba. Daga bayan labule ta ce, "Yaya, ya samu sutura?" Na ce ya samu, mai Zamzam ma.

Na sayi wani farin yadi a kasuwar Wudil. Da tela ya zo aunawa, na ce ya ƙara kamu ɗaya. Idan na shanya shi yanzu, ba mai tsokanata.

Allah Ya jiƙan Isyaku. Kai mai karatu, Allah Ya bar ka a ɗakinka, Ya tsare iyalinka, Ya sa a rufe ka a cikin danginka. Amin.