Sa Hannu Na Biyu

A rumfar gyaran jiragen sama ba mai kiransa da sunan yanka. Tsaye suke ce masa, domin a tsaye yake cin abinci, a tsaye yake karanta takarda, ko waya aka buga masa sai ya amsa yana zagaya ɗaki. Uwargidansa takan ce kujerar da ta saya masa shekarar da aka haifi 'yarsu ta fari har yau ba ta san nauyinsa ba, kyanwa ce ta gaje ta.

Ya shiga kamfanin yana ɗan shekara goma sha tara, zamanin jirage masu farfela, lokacin da ake cika littafin gyara da alƙalamin tawada, in ka yi kuskure ka ja layi ɗaya tak da rula ka sa hannu a gefe. Da wankin noti cikin kananzir ya fara. Bayan shekara tara ya ci jarrabawar lasisi, aka ba shi hatimi mai lambarsa. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ƙarƙashin fikafikai, sannan aka ɗaga shi shugaban sashen gyara, aka ba shi ofis a bene, mai tagar gilashi da ke kallon rumfar.

Tagar nan ce ta hana shi sakat. Aikinsa yanzu shi ne tsara ranar da kowane jirgi zai shiga gyara, da wanda zai yi aikin, da kayan da za a yi oda. Amma da ya ji sifana ta faɗi ƙasa sai ya miƙe. Mai shara ta ce matakalar benen ce ta fi ko'ina ba ta wahala, saboda sawun takalmin mutum ɗaya.

Wata Talata aka canza igiyar ƙarfen da ke juya wutsiyar wani jirgi, wanda zai tashi ƙarfe huɗu da fasinja saba'in. Irin wannan aiki yana da doka. Duk abin da matuƙi ke sarrafa jirgi da shi, in an taɓa shi, mutum biyu za su sa hannu: wanda ya yi aikin, da wani mai lasisi da bai sa ko ɗan yatsa ba, wanda zai zo da sabon ido ya duba. Dalili kuwa, wanda ya ɗaure noti yakan ga abin da ya yi niyyar yi, ba abin da hannunsa ya yi ba. Ran nan wani bakanike da ake ce wa Dogo ne a kan aikin. Mai Gilashi, ɗaya mai lasisin, yana hutu. Saboda haka ido na biyu Tsaye ne.

Da hantsi ya leƙa ta taga ya ga Dogo yana fama a ramin wutsiya, tsawonsa ya hana shi juyawa. Ya zauna, ya tashi. Ya buɗe fayil, ya rufe. Kafin ya ankara yana kan tsani, ya naɗe hannun riga, yana ce wa Dogo ya fito, wurin nan ba a yi shi don raƙumi ba. Shi ya ja igiyar, shi ya ɗaure noti biyu na ƙarshe, ya murɗa musu wayar kulle. Minti goma ya yi, ya koma bene yana fito.

Sai ƙarfe biyu, da Dogo ya ajiye masa takardar sa hannu ya nuna layi na biyu, sannan Tsaye ya lura da baƙin mai a farcensa.

Dogo ya gane. Ya tura ƙofa ya ce ai ba wanda ya gani, kuma duk rumfar nan wa ya kai Tsaye iya ɗaure noti?

"Matsalar ke nan, Dogo. Na san daidai yake tun ban duba ba. To in na hau, me zan je dubawa?"

Ya ɗauki hatimin, ya ajiye. Ya je taga ya dawo. Sau uku yana ɗaukar waya kafin ya kira manajan zirga-zirga ya gaya masa jirgin ba zai tashi ƙarfe huɗu ba, kuma laifinsa ne. Manaja ya tambaye shi ko shugaban sashe aka naɗa shi ko bakanike. Tsaye ya ajiye wayar. Ya kira Mai Gilashi, wanda ke can ƙarshen gari yana shafa wa ɗakinsa fenti.

"Wato ka sake sauka," in ji Mai Gilashi.

"Na sauka."

"To ka jira in wanke hannu, tsoho."

Biyar da rabi ya iso. Ya shiga ramin da tocila da ɗan madubi, ya bi igiyar taku da taku, Tsaye na kai da komo a ƙasa, hannuwansa biyu cikin aljihu. Bai sami aibi ko ɗaya ba. Ya buga hatimi, jirgin ya tashi bakwai saura, mutum goma sha ɗaya sun rasa jirgin da za su canza a gaba.

Washegari takardar tuhuma ta zo, ta farko a fayil ɗinsa. Ya amsa da layi biyu: ya amince da laifin, kuma yana roƙo a mai da shi ƙasa. Cikin mako guda aka yarda, aka ba Mai Gilashi ofishin. Shekara huɗun da suka rage masa kafin ritaya a rumfa ya yi su, sanye da rigar aiki, Dogo kuwa kullum yana ƙorafi cewa da can aƙalla mutumin nan yakan koma sama ya bar su su huta.