Jarrabawar Malama Mai Sifana

Na daɗe ina koyar da tarihi, kuma abin da na tsinta a cikinsa guda ne: duk daular da ta rushe, da ɗigon ruwa ta fara. Sarakuna suna can suna shirin yaƙi, a bayan gida wani abu yana ɗiga ba mai kula, har gini ya jiƙe ya zauna. Ban taɓa rubuta wa ɗalibai wannan a allo ba, don babu shi a manhaja, amma da shi na yi ritaya daga makarantar 'yan mata a Bakura, na dawo gida Talata Mafara.

A gidan ƙanwata a Maradun sana'ar gyaran famfo ta same ni. Na je mata kwana biyu, na tarar kan famfon tsakar gida ya ɓalle, ruwan tanki yana ta zuba tun safe. Mijinta yana gona a Faru. Mai gyara kuwa yana zaune a zaure da kayan aikinsa, yana jiran maigida ya dawo ya yi masa iso, don gidan na kulle ne, an ma rubuta "Ba shiga" a bango da baƙin fenti. Shi ruwa bai yi makaranta ba, fitarsa kawai yake yi. Na tsaya bayan labule na ce wa mutumin ya ara mini sifana, ya riƙa gaya mini abin yi. Yana faɗa ina murɗawa, na jiƙe sharkaf, ruwa ya tsaya.

Daga nan labari ya bi gidajen biki da na suna. Matan da mazansu ke wuni a gonar rani ko a kasuwa suka fara aikowa a kira Malama. Na sayi sifana tawa, da zarto, da gam, da farin zaren da ake naɗawa a bakin famfo, na zuba su a jakar da na saba ɗaukar takardun jarrabawa. Har Morai an kira ni.

Masu gyaran famfo na garinmu suna da ƙungiya, wadda a da aikinta bai wuce zuwa ɗaurin aure da gaisuwar mutuwa ba. Sai ga ta ta farka da doka: wanda ba shi da takardar gwajin sana'a, kada ya sake taɓa bututun kowa. Dokar ba ta kama suna ba, yadda liman ba ya kama suna a huɗuba, amma kowa ya san gidan da ake nufi. Shugabansu da kansa ya yi sallama da maigidana. Suka gaisa, suka tambayi gajiya da iyali da damina, sannan ya ce a ja wa Malama kunne, aikin ruwa yana da ƙa'ida, ba rubutun alli ba ne da za a goge in an yi kuskure. Ina jin su ta taga.

Maigida ya shigo, ya ajiye hula a gwiwa. "Malama, mi kika rasa cikin gidanga?"

Na ce ban rasa komai ba, matan gari ne suke rasa ruwa. Ya ce mutane za su ce ya kasa riƙe ni. Na tuna masa sun faɗi haka lokacin da na tafi kwalejin malamai, ga shi har yau tuwona yake ci. Ya ce to takardar fa?

"Malam, a cikin takarda na tsufa."

Wani mai son zaman lafiya ya raɗa mana cewa akwai hanyar da takarda ke zuwa gida da ƙafarta, ba sai an zauna jarrabawa ba. Na gode masa. Wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana zaro satar amsa daga cikin hijabin ɗalibai ba ta da fuskar bin wannan hanya.

A Gusau aka yi gwajin, ni kaɗai ce mace. Mai jarrabawar, wani dattijo mai tabarau, ya gan ni a layi ya ce, "Hajiya, ɗanki kika rako?" Na ɗaga masa jakata na ce ita na rako.

Gwajin rubutu bai ba ni wahala ba, ko da yake an tambaye ni yadda ake haɗa tukunyar ruwan zafi da kwamin wanka irin na otal, abubuwan da ban taɓa gani a gidajen da ake kirana ba. Na amsa yadda ɗalibaina suke amsa tambaya kan daulolin da ba su taɓa takawa ba, wato da hadda da ƙarfin hali. A na hannu ne aka kama ni. Gidajenmu duk bututun roba ne, a yanka, a shafa gam, a haɗa. Su kuwa bututun ƙarfe suka ba mu, kowa ya yi wa bakinsa haƙoran da ake murɗawa, ya ɗaura, a saki ruwa a gani. Samari suka gama suna goge hannu, ni ina nan ina ja da ƙarfe, kafaɗa tana tuna mini shekaruna. Da aka saki ruwa, sai ga ɗigo ya taru a gindin haɗina, ya yi nauyi, ya faɗo. Wani ya biyo shi. Ni da dattijon muka tsaya muna kallo, daula tana rushewa a gabanmu.

Ya ce lokaci bai ƙare ba, in ina da sauran ƙarfi. Wani daga cikin samarin ya matso zai kama mini. Na ce ya koma mazauninsa, da muryar da na saba faɗin haka a aji, ya kuwa koma. Na yanke bakin da zarto na sake daga farko. Tafin hannuna ya yi bororo, mayafi ya zame ban bi ta kansa ba. Haɗi na biyu bai yi kyan gani ba, amma ya riƙe ruwa.

Na ci, a mataki na ƙasa. Ni da na saba rubuta wa yara "a ƙara ƙoƙari", na karɓi nawa rabon ban yi gardama ba. Na kai takardar aka lulluɓe ta da roba don kada ta jiƙe, na sa ta a jaka kusa da sifana. Na kuma tsara jawabin da zan yi ranar da shugaban ƙungiya zai tare ni a bakin aiki: da gabatarwa, da karin magana, da misali daga tarihi. Na maimaita wa maigida shi har ya haddace, yana gyara mini in na tsallake wuri.

Har yau ba wanda ya ce in nuna takardar. 'Yan ƙungiyar duka maza ne, iyakarsu zaure.