Muryar da ke Bayan Katako

Watan azumi ne. Na koma barci bayan asuba, ƙararrawar sistocin coci ta tashe ni ƙarfe shida kamar kullum. Ina zaune a ɗakin baƙi na gidansu, kusa da unguwar Selly Oak a ƙasar Turawa, ina rubuta tarihinsu don digirina na biyu. Su bakwai ne, duk tsofaffi, 'yan kulle. Ba sa fita, ba sa ganin baƙo.

A bangon ƙofarsu akwai wani akwatin katako mai juyawa. Mai jin yunwa ya ƙwanƙwasa, Sista Agnes ta sa burodi da miya ta juya masa. Ba ta kallon fuska, haka dokarsu take. Tun da ƙaramar hukuma ta rufe wurin rabon abinci na unguwa, masu zuwa suka yawaita. Akwai wani mai shaƙaƙƙiyar murya da ban yarda da shi ba. Yakan tambayi mutum nawa ne a ciki, ƙofa nawa ce. Na gaya wa Sista Agnes, ta ce hira ce kawai. Wataƙila.

Wajen ƙarfe biyar na yamma muka ji gilashi na fashewa a titi. Sai gudu, sai jiniya daga nesa. Tarzoma ce ta ɓarke a unguwa. Shagon da ke manne da mu ya kama da wuta. Hayaƙi ya shigo ta ɗakin ibada. Sistoci suka tsaya a bakin ƙofar kulle, shugabarsu tana laluben mabuɗi.

Aka daki ƙofar baya, wadda ba kowa ya san da ita ba. Ta ɓalle.

"Ku fito! Ta nan!"

Muryar nan ce. Fuskarsa a rufe da ƙyalle, kamar ta masu fasa shaguna. Rigarsa na warin fetur, ko kuwa iskar ce gaba ɗaya, ban tabbata ba. Ya goya Sista Agnes. Na riƙe biyu, sauran suka biyo mu, muka bi lungu, takalmina ɗaya a ƙafa. Ya sauke ta a bakin babban titi, ya koma cikin hayaƙin.

'Yan sanda sun tambaye ta kamanninsa. Ta ce ba ta taɓa ganin fuskar masu zuwa ba. Ni ma na ce ban gani ba, kuma iyakar gaskiyar da na sani ke nan.

Washegari na tafi gidan gwaggona a Longsight, can wani garin. An rarraba sistocin a gidajen kula da tsofaffi. Sista Agnes ta rasu kafin hunturu. Saura shida. An ce akwatin bai ƙone ba, amma an buga masa ƙusa, ba ya juyawa.